Daminar da Na Musanya Kakata da Fim

Ranar wata Alhamis ce, cikin daminar shekarar da lakwal, wato makarantar boko, ta gaji da ni ta sallame ni, ina zaune a kan bencin siminti na gaba-gaba a silimar da ke bakin unguwarmu ta Bukoki a Yamai, wuyana a ɗage kamar ɗan tsako yana shan ruwa. Silimar ba ta da rufi, katanga ce kawai ta zagaye fili, sai wani dogon bango da aka shafe da farar ƙasa, a kansa ake haska fim. Hadari ya haɗo daga gabas tun la'asar, iska tana kawo ƙamshin ƙasa, amma ba wanda ya motsa, domin abin da ke kan bangon nan ba mu taɓa ganin irinsa ba. Wata ƙasa aka nuna wadda launi ya ƙaurace mata. Mutane, dawaki, tufafi, har wutar murhu, duk toka-toka. Sarkin ƙasar ya sa an bi gida gida an kwashe labaran mutane, an ɗura a tuluna, an liƙe bakunan da kaki, an jera su a wata hasumiya da ke tsaye tsakiyar tafkin gishiri. Saura tsoho ɗaya, mai fito da kwalekwale, da ya ɓoye labari guda a bakinsa. In ya buɗe baki ya ambaci kogi, sai ka ga shuɗi ya taso daga ƙarƙashin kwalekwalen ya bi ruwa kamar an tuntsurar da tukunyar baba. In ya ambaci doki, sai jan doki ya fasa rairayi ya fito yana kakkaɓe jiki. Kifaye masu ruwan zinariya suna iyo a iska tsakanin soraye, ga wata matakala tana hawa har cikin gajimare ba ta jingina da komai ba. Dakarun sarki kuwa madubi ne a fuskarsu, duk wanda ya dube su kansa yake gani ya tsorata. Ban ji ko kalma ɗaya ta harshen da suke yi ba. An rubuta fassara da Faransanci a ƙasa, amma ni da Faransanci sai dai gaisuwa daga nesa.

Dakarun suka kama tsohon, suka kawo shi dandali gaban sarki, aka zo da allura da zare za a ɗinke masa baki. Ya ɗaga kai yana duban taron mutanen nan masu launin toka, fuska bayan fuska, kamar mai neman wani da ya sani. Sai bango ya yi fari fat. A wancan zamani fim a faifai-faifai yake zuwa, bobin muke ce musu, kuma kwafi ɗaya silima biyu ke rabawa a dare guda. Can cikin gari su fara, in sun gama bobin ɗaya sai wani dogon mutum mai keke ya ɗauro shi a baya ya sheƙo wurinmu. Mun saba da jira, mukan yi ta fito muna buga benci har mu hango shi ya shigo yana haki. Ran nan mun yi fito har leɓunanmu suka gaji. Ashe ruwa ya riga ya sauka cikin gari, kwari ya cika, mai keke ya ce sai ya ratsa, ruwa ya kwashe shi da shi da keken. Shi dai an tsamo shi da ransa. Bobin na ƙarshe kuwa, sai dai kifayen kogin Kwara su faɗi yadda aka ƙare. Muna cikin zagin mai haska fim, bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba, ruwan ya iso kanmu, muka watse. Washegari aka tattara sauran aka kai wani gari. Ko sunan fim ɗin ban sani ba, don mu sunan da muka ga dama muke laƙa wa kowane, wannan kuwa Mai Kwalekwale muka sa masa.

Yadda aka yi ɗan talaka kamata ya samu shiga silima, ga shi. Shekara uku na yi a lakwal, biyu daga ciki a aji ɗaya. Akwai wani ƙoƙon kan akuya da aka huda aka zura wa igiya, sambol ake ce masa, duk wanda aka ji ya yi Hausa ko Zabarmanci a farfajiya shi ake rataya wa, wanda ya kwana da shi kuma ya sha bulala da safe. Ni bakina ba ya rufuwa, Faransancin kuma ya ƙi shiga, don haka ƙoƙon nan ya zame mini kamar layar da aka haife ni da ita. Ranar da mushe, wato malaminmu, ya kira Baba ya ce kaina dutse ne, Baba bai yi musu ba, ya ce shi ma ya lura. Baba albasa yake sayarwa a kasuwa, daga ƙasarmu ta Adar ake kawo masa a kamyo, babbar motar kaya, sai aka ce in riƙa bin sa ina tsince ruɓaɓɓu. Da sassafe in ɗebo ruwa a famfon bakin titi, garwa biyu a sanda, in kora awaki wurin makiyayin unguwa, in je kasuwa in yi warin albasa har azahar, daga nan in sulale. Ni da abokina Hima, wani Bazabarme da ke Hausa kamar yana tauna tsakuwa, mu ke ɗaukar allon silima mai hoton fim ɗin dare, mu zaga Bukoki da shi muna kaɗa ƙararrawa. Ladanmu a bar mu mu shiga. Sauran yaran gidanmu, babban gidan haya ne da ya tara kowane irin yare, ba su da wannan gata. Su dai langa, da ƙwallon tsumma, da tura gare a lungu. Saboda haka wanda ya ga fim wajibi ne ya dawo ya ba da shi. Nakan ba su da rana a gindin katanga, harbi da naushi ne galibi, kafin a tauna gyaɗa an gama.

A farkon wannan daminar aka kawo Kaka, mahaifiyar Baba, daga ƙauyenmu na bayan Tawa don a nuna idonta ga likita. Likita ya duba ya ce ciwon ya riga ya ci jijiya, ba abin da wuƙa za ta yi, ya ba da maganin ɗigawa. Aka tsayar da magana za ta zauna har ruwa ya ɗauke, ta bi kamyon albasa ta koma kafin girbi. Ƴar ƙaramar tsohuwa ce, haƙoranta biyu rak, tana ganin mutum kamar inuwa a bayan labule. Tun ranar da ta sauka muka ƙulla wasan da ke tsakanin jika da kaka. Ita ta kira ni maigida, ta ce miji ne na banza da ba ya kawo cefane, ni in ce na sake ta zan auro mai haƙora. A wasan nan ba a fushi. Duk abin da jika ya faɗa, kaka dariya za ta yi ta rama, haka aka gada, wanda ya ɓata rai shi ya faɗi.

In an gama cin tuwo sai ta jawo tabarma gindin dogon yaron da ke tsakar gida ta fara gatana, wato tatsuniya. Yaran gidan kaf sai su zube gabanta, Hausawa da Zabarmawa, har da ƴaƴan wani tela mutumin bakin teku da rabin maganar kawai suke ji. Ba ta ɗaga murya, mu ke matsowa. Bayan ta ƙare mana da gajeru sai ta ce za ta buɗe babbar, wadda ta karɓa daga bakin tata kakar, kwana tara ake yi ana ba da ita. Labarin wani mahaƙin rijiya ne a shekarar fari. Ya yi ta haƙa, gaba arba'in ba ko danshi, har ranar da dagi ya suɓuce masa ya faɗa ƙasa ta wani rami. Ya leƙa, sai ga kasuwa tana ci can ƙarƙashinsa, mutane sun ɗaga kai suna kallonsa. Ashe sararin samaniyar wasu ya huda. Ya ɗaura igiya a ƙugu, ya damƙa wa matarsa ɗaya bakin, ya ce kome za a yi kada ta saki, ya sauka. Mutanen ƙasa suka kama shi, suka ce ya ɓata musu sama, ba zai tafi ba sai ya ɗinke ta, in kuwa ya ɗinke hanyarsa ta gida ta toshe. Can sama matar tana riƙe da igiya kwana da kwanaki, tafin hannunta yana jini, sai ga wata da gudu ta ce mata gobara ta kama ɗakinta, jaririnta yana ciki. Nan Kaka ta tsaya a dare na uku, ta ce kowa ya je ya kwanta. Daren Laraba ke nan. Alhamis ruwa ya hana shimfiɗa tabarma.

Ran Juma'a, Kaka ta zauna, yara sun kewaye ta suna jiran a ji ko matar za ta saki igiya, ni kuwa cikina kamar zai fashe da abin da na gani. Tun ba ta gyara murya ba na hau kan turmin da aka kife na ce yau akwai fim da ba a taɓa yin irinsa ba. Yaran suka juyo ɗaya bayan ɗaya, har suka ba ta baya. Na yi musu jan doki da zanen Inna, na yi dakaru da murfin kwano a fuska, na tuƙa kwalekwale da taɓarya. Da na iso wurin allura da zare sai na ga ba ni da ƙasar takawa. Ido ya yi mini yawa, kuma ban iya cewa ban sani ba, har yau ban iya ba. Sai na ce an ɗinke bakin tsohon, amma ya ci gaba da labarin ta hanci, yana gunji kamar mace tana waƙa a kan dutsen niƙa. Gunjin ya bi ruwa ya kai hasumiya, tuluna suka fara tsagewa. Labarai suka fito garke guda, kowane da launinsa, suka shigo gari kamar awakin Bukoki da magariba, kowane ya nufi ƙofar gidansu ba mai nuna masa. Sai guda ɗaya da mutanen gidansu duk sun mutu, ya tsaya a tsakiyar titi yana kuka, yana leƙa wannan zaure yana leƙa wancan. Na tsaya nan don ƙaryar ta ƙare mini. Tsakar gida ta yi tsit. Hima, da muka jiƙe tare a silima, ya gyaɗa kai ya ce wallahi haka aka yi. Daga baya har rantsuwa yake shi da idonsa ya gani.

Da safe ina shirin ɗaukar garwa ta kira ni. Tana zaune bakin ƙofa da faranti a cinya tana tsinke ganyen zogale da lalube, ba kowa kusa. Ta ce, “Maigida, wanga fim naka, iyakar allura ka gani, ko?” Na ce har ƙarshe na gani. Ta ce, “Ƙarya kake, mijin banza. Da kana faɗin abin da ka gani, gudu kake kamar ɗan aike. Da ka zo ga awaki sai ka rage tahiya, kana taka ƙasa kana jin ta. Labarin nan da ya rasa gida ba daga bango ya hito ba, daga cikinka ya hito.” Na ɗauka tona ni za ta yi. Sai ta ajiye farantin ta kamo hannuna. Ta ce ta haifi bakwai, jikoki ba ta san iyakarsu ba, ta daɗe tana saurare ko za ta ji mai baki a cikinsu, ba ta ji ba sai jiya. Ta ce babbar gatana ba a jinta kawai a wuce, ba da ita ake, a ba ka, ka mayar, a gyara maka, har ta zauna. Haka aka yi mata. Idonta ya tafi, ƙafa ma tana bin sa, ba ta sa ran sake ganin Yamai. In zauna da ita sauran dararen nan kafin kamyo ya zo, ta juye mini. Wallahi tun da aka haife ni ba wanda ya taɓa cewa akwai wani abu a kaina ban da dutse. Na ji daɗi har kunnena ya yi zafi. Na ce to, gobe.

Goben nan ita ta cinye damina. Ga allo yana jirana da la'asar, ga silima bayan isha, in na dawo ga yara a ƙofar gida suna jiran sabon fim, ni kuma na ɗanɗana zaƙin a yi shiru don ni. Na zama sarki a kan turmi. Duk fim ɗin da bai yi mini ba sai in sauya masa wutsiya, ba mai ganewa. Tabarmar Kaka ta fara raguwa, daga cika zuwa ƴan mata uku, daga nan sai masu rarrafe da barci ke kwashewa. Gatana kuwa tana da doka, mai bayarwa ya ce “Ga ta nan, ga ta nanku,” sai an amsa masa “Ta zo mu ji ta” kafin ya ci gaba. Ina kan turmi ina harbin ɓarayi da taɓarya, sai in jiyo muryarta daga gindin bishiya ta faɗi nata, ta saurara. Ba mai amsawa. Wani lokaci Inna takan amsa daga bakin murhu don tausayi, sai Kaka ta ce, “Ba da ke nake ba, ɗiyata, yi aikinki.” Ba ta ci gaba da labarin rijiya ba ko da kalma ɗaya, tana ajiye mini shi daidai inda ya tsaya. Ina ji, ina sani. Kullum in ce bari wannan fim ya wuce.

Ruwa ya fara ja da baya, geron da mutane ke shukawa a kangayen unguwa ya yi kai, Baba ya ce kamyo zai tashi ran Asabar. Ran Talata da azahar na shigo shan ruwa, Hima da yara wajen goma suna biye da ni, allo yana jingine a zaure. Mata suna daka a tsakar gida. Sai na ga Kaka ta shimfiɗa tabarmarta a gindin dogon yaro, rana tsaka, ta juyo fuska wajen da take jin muryata, ta ce, “Ga ta nan, ga ta nanku.” Taɓare suka tsaya. Kowa ya san ba a gatana da rana, tun muna ƙanana ake ce mana mai yin ta ɓacewa yake a daji, kuma Kaka ce da kanta ke kwaɓar duk yaron da ya gwada. Matar da ta shekara saba'in tana kiyaye wannan doka ita ce ta karya ta saboda ni, don ta ga dare na ba silima, ta ce bari ta nemi rana. Wannan yanzu na gane shi. A lokacin abin da na ji kawai shi ne maganar da ta biyo baya: “An ce mai gatana da rana shina ɓacewa. Ni da ba ni gani, ina ya rage in ɓace? Zamna, maigida, in ba ka abin da za ka riƙa yi wa ƙaryarka miya.”

Kalmar ƙarya a gaban yaran nan ita ta tsorata ni. Na ga sarautata za ta zube, na ga Hima ya sunkuyar da kai yana murmushi. Sai na ɗauko makamin da na san ba a hukunta mai shi, na shiga rigar wasa. Na ce, “Jama'a ku zo ku ga matata ta ruɗe, tana gatana da rana tsaka. Tsohuwa, labarinki ba launi, ba doki, ba kiɗa. Mu masu ido kallo muke. Gatana ta makafi ce.” Yara suka fashe da dariya, matan ma suka dara, don jika ne da kakarsa, ba mai shiga. Ita ma ta yi dariya, haƙoran nan biyu a waje, ta ce, “Allah shi ba ka mai haƙoran, ta cije ka.” Aka ƙara darawa. Ta rama, wasa ya cika, ba wanda ya faɗi. Da a ce wani baƙo na gaya wa haka, da Baba ya karya mini ƙafa, da an sa na durƙusa na ba da haƙuri, da wataƙila na zauna. Amma al'ada ta ba ni izini, ta kuma hana Kaka ta nuna inda wasan ya soke ta. Na sha ruwana, na ɗauki allo, na fita ina kaɗa ƙararrawa. Daren nan ba ta fito da tabarma ba. Laraba ma haka, har Juma'a.

Ran Asabar da hantsi muka raka ta tasha, ni ke ɗauke da ƙullin kayanta. Aka ɗaga ta aka zaunar kusa da direba. Ta miƙo hannu ta taga tana lalube har ta samu kaina, ta shafa goshina da hancina da bakina, a hankali, kamar mai zaɓen ƙwarya. Ni kuma don in nuna ba komai, na ce, “To matar nan, ta saki igiyar ko ba ta saki ba?” Ta ce, “Ba a ba da gatana a tasha. Ka taho gida da rani.” Na ce zan zo. Mota ta tashi, na juya da sauri don kada a ba wani allona. Rani ya zo ya wuce ina Yamai. Kafin ruwan farko ya sauka, direban nan dai ya iso da buhunan albasa da saƙo, ya cire hula ya gaya wa Baba a kasuwa cewa Kaka ta rasu. Ina tsaye da ruɓaɓɓiya a hannu.

Daga ɗaukar allo na samu ci gaba zuwa yaga tike, wato tikiti, a ƙofa, wannan shi ne babban muƙamin da na taɓa riƙewa a duniya. Da bideyo ta shigo unguwa silima ta fara mutuwa, ta mutu, na koma gadi, na tsare ƙofar wani ofis a unguwar Filato shekara da shekaru, daga baya ƙofar wani gida a unguwar Kwara Kano, har gwiwa ta ce ta gaji. Mai gadi yana da lokacin tunani fiye da malami. Ina da shekara arba'in da wani abu na shirya na tafi ƙauyen, na bi tsofaffin mata ɗaka ɗaka da goro. Gajerun duk sun sani. Da na ambaci rijiya sai wata ta ce ta tuna ana yin ta, amma ta gidan su Kaka ce, ba a bakin kowa take ba. Wata ta ce matar ta saki, wata ta ce da haƙori ta riƙe, wata ta ce in bar ta ta ji da ciwon bayanta. Na gwada ƙirƙiro nawa ƙarshen, ni da na yi wa finafinai ɗari wutsiya, amma duk wanda na ɗora sai ya zame, kamar murfin da ba na tukunyar ba. Saura dare shida ne ba ni da su, ba jimla ɗaya ba. Fim ɗin ma babban ɗana ya nema mini a salula, ya ce in faɗi sunansa, na ce Mai Kwalekwale. Ya dube ni, ya mayar da wayar aljihu.

Watan jiya jikata Zalika, ƴar aji biyar, ta dawo daga lakwal ta same ni a ƙofar gida. Ta ce madam, malamarsu, ta ce kowa ya je wurin tsohon gidansu ya rubuto gatanar gargajiya. Ta zauna a gabana ta buɗe kaye, littafin rubutunta, a gwiwa, ta cire murfin bik, wato biro, da haƙori, ta ce, “Tsoho, yau dai ka yi amfani.” Na buɗe gatana, ta amsa. Na ba ta mahaƙin rijiya, na ba ta kasuwar ƙarƙashin ƙasa, ina jin wasu kalmomin suna fitowa da irin lafazin Kaka. Bik yana gudu. Na kai wurin gobara na tsaya. Ta ɗago ta ce, “Sai me?” Da ni mutumin kirki ne da na ce ban sani ba, na gaya mata dalili. Sai na ji bakina yana cewa jan doki ya fasa ƙasa ya fito, dakaru masu madubi sun kewaye kasuwa, na kwaso tarkacen silima na cusa a ramin har ya cika. Ta rubuta duka. Bayan kwana uku ta shigo da tsalle, ita ta zo ta ɗaya, madam ta karanta wa aji ta ce su dubi hikimar kakanninmu na Adar.

Na sa mata albarka, na ce ai gidanmu gidan baki ne. Ta shige ciki wurin tele, akwatin kallo, inda sauran yaran ke zube kowa da haske a fuska, ba mai ce wa wani uffan. A zamaninmu mai labari ce ta zauna da kaya cike ta rasa mai amsa mata, yau mai amsawa ta zo har gabana da takarda ta tarar da buhun wofi. Silimar ta zama magaza, wurin ajiye siminti, gidan hayar an rushe shi an yi bene, Hima ya rasu, duk wanda ya ji dare ukun nan da ni ya watse ko ya kwanta dama. Zalika tana ajiye da kayen a ƙarƙashin katifa, ta ce ƴaƴanta za ta karanta wa. Ban gaya mata ba, kuma na san halina, ba zan gaya mata ba. Gadon kakanni ya taho tun daga nesa har hannuna, a nan ya tsinke.